Babi na Shida: Agogon da Ba Shi da Lokacin Kansa

Tun da na yi wayo na san agogon nan a tsaye yake a kan ƙarfe huɗu saura minti goma. Yana kan wata 'yar kanta a shigifar kakanmu, a gidanmu na cikin birni, ƙasan inda ake rataye gafaka. Kalarsa kalar makuba, faɗinsa bai kai faifai ba. Ba a wana shi, ba a sa masa batir. Waya ce kawai ta fito ta bayansa kamar wutsiyar gafiya, robar jikinta duk ta farfashe. Manya sun ce kaka ya saye shi ne a kantin Turawa a shekarun da dalar gyaɗa take tsaye a Kano, bayan an ja masa wuta zuwa shigifa. Ranar rabon gado an daɗe ana lissafi a kan darduma da akwatunan ƙarfe, agogo kuwa ko ido ba wanda ya ɗaga ya dube shi. Na jefa shi a buhu na tafi da shi gida.

Masu gyara uku na kai wa, kuma kai ka ce baki suka haɗa. "Alhaji, a fidda wannan tarkacen a sa masa injin batir, minti goma an gama." Ban ga laifinsu ba. Injin batir ɗan Chana bai kai kuɗin kwanon shinkafa ba, batir guda yana kai shi wata da watanni, kuma bai san an kawo wuta ko an ɗauke ba. Tun da kamfanin Seiko na Japan ya fito da agogon hannu mai ƙwayar kwatz a ƙarshen 1969, sana'ar gyaran agogo ta fara komawa canjin batir da canjin maɗauri. Yaran da suka tashi a cikinta abin da suka tarar ke nan.

Na huɗun wani dattijo ne da aka kwatanta mini a wani lungu na Kasuwar Kurmi, kasuwar da take ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15. Teburinsa bai fi sallaya girma ba, an jera gwangwanayen madara cike da ƙananan notuna, ga gilashin ido ɗaya rataye a wuyansa. Bayan mun gaisa na fito da agogon. Bai dubi fuskarsa ba. Kifa shi ya yi, ya tofa ɗan yawu a yatsa ya goge wani ƙaramin allon ƙarfe da ke bayansa. Lambobi suka bayyana: 200 zuwa 250, a ƙasa kuma 50.

"Malam, ka ga hamsin ɗin nan?"

"Na gani, Baba."

"To ita ce ransa. Ko na gyara shi, ba a hannuna take ba."

Sai da na yi sati uku ina kai da kawowa tsakanin gida da Kurmi kafin na gane abin da yake nufi.

Agogon da ake wanawa yana da abin auna lokaci a cikinsa, wani ɗan zobe ne da ke kai da komo, shi ne mai ƙaran nan na cak-cak. Na batir yana da ƙwayar kwatz da ke kaɗawa sau 32,768 a sakan ɗaya. Wannan na kaka ba shi da ko ɗaya. Abin da ke cikinsa ɗan moto ne kawai da jerin faya-fayai masu haƙora. Wutar da ke zuwa gidajenmu ba hanya ɗaya take bi ba irin ta batir. Tafiya take yi tana dawowa, kuma a Najeriya sau 50 take wannan kai da komon a kowane sakan. Idan ta ratsa koyil ɗin agogon, ƙarafan da ke kewaye da shi sukan zama maganaɗisu mai juya fuska da kowane bugu, sai su riƙa jan ɗan faifan moton taki ɗaya bayan ɗaya. A yawancin na Ingila faifan yana zagaye 200 a minti. Haƙoran ciki su rage 200 ɗin zuwa zagaye ɗaya saboda tsinken sakan, su sake ragewa kashi 60 saboda na minti, sannan kashi 12 saboda na awa. Shi ke nan dabarar. Agogon rawa kawai yake yi a shigifa, makaɗan suna can Kainji da Jebba da Shiroro da Egbin. In kiɗa ya sauya kuwa, an san abin da rawa za ta yi.

Wanda ya mai da wannan tunani kasuwanci Ba'amurke ne, Henry Warren, na garin Ashland a jihar Masachusets. Ya ƙera ɗan moton, ya haɗa agogo, sai ya tarar ba ya riƙe lokaci, domin tashoshin wuta na zamanin ba su damu bugun wutarsu ya tsaya daidai ba. Fitila ai ba ruwanta. Maimakon ya koma gyaran agogonsa, sai ya nufi tashar. A 1916 aka kafa wani babban agogo nasa a tashar wutar Boston, mai nuna lokaci biyu a fuska ɗaya, na lilo da na wuta. Duk sa'ad da na wuta ya yi baya, ma'aikata su ƙara wa injin gudu har su daidaita. Sunan da ya raɗa wa agogunansa, Telechron, daga Girkanci ne, ma'anarsa lokaci daga nesa, kuma ban san wani sunan haja da ya faɗi gaskiyar kayansa kamar wannan ba. Ingila ta biyo baya bayan dokar lantarki ta 1926, wadda ta haɗe tashoshin ƙasar a layi ɗaya a kan bugu 50. A 1931 kamfanin Smiths na Landan ya fara ƙera irin waɗannan agoguna. Sunan da ke rubuce a fuskar na kaka, Smiths Sectric, nasu ne.

Kano ba ta yi nisa a baya ba. A farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka kawo wa birni wutar lantarki tare da ruwan famfo, da kuɗin En'e. A 1951 hukumar ECN ta karɓi harkar wuta a ƙasa, aka gama madatsar Kainji a 1968, aka kafa NEPA a 1972. An sauya mata suna a 2005, an sayar da kamfanonin rarrabawa a 2013, amma har gobe in an kawo wuta sunan NEPA yara ke ihu a lungu. Kafin duk wannan, birni yana da agogonsa. Akwai asuba da hantsi da walaha, akwai ladanin da ke auna inuwarsa da taƙi ya san azahar ta yi. Kalmar agogo ma aro ce daga Yarbanci, inda take nufin ƙararrawa, kuma muna cewa ƙarfe biyu, ƙarfe uku ne saboda ƙarfen da ake bugawa a sanar da awa. Wato tun asali lokacin agogo abu ne da wani ke buga mana daga wani wuri, mu ji mu bi.

A zuwana na biyu Baba ya jawo wani agogo fari-fari daga ƙarƙashin tebur, ɗan Amurka, wai wani ne ya tsince shi a gwanjo. Sau uku yana dawo da shi yana faɗa, cewa an cuce shi. Ya sayi taransifomar rage ƙarfin wuta, don ya ga an rubuta 110 a jiki, kuma da bai yi haka ba da koyil ɗin ya ƙone tun ranar farko. Agogo ya tashi lafiya. Sai dai in ya saita shi da azahar, kafin azahar ta gobe ya yi asarar awa huɗu cif. Lafiyar injin ƙalau. Wutar Amurka sau 60 take bugawa a sakan, tamu 50, don haka a kowace awa tamu minti 50 yake ƙirgawa. Taransifoma da sitabilaiza ƙarfin wuta suke gyarawa, ba sa taɓa bugunta. Wutar Saudiyya ma 60 ce, abin da ya kamata mai sayen tsarabar kayan lantarki ya riƙa dubawa. Japan kuwa rabe take, gabashi 50, yammaci 60, shi ya sa za ka ga wasu agogunansu da ɗan makunni a baya na zaɓar ɗaya.

"Na gaya masa ba ciwo gare shi ba, baƙunta ce," in ji Baba. "Bai yarda ba. Ya bar mini shi."

Ranar da za a buɗe nawa, yaron shagon ya ɗauki wayar zai cusa a soket a ga ko yana motsi. Baba ya buge masa hannu. Tsohon kayan wuta ba a fara jona shi. Robar wayar ta mutu, tana iya haɗa wuta a hannunka, kuma in moton ya cije, koyil ne zai yi ta ɗaukar zafi a banza. Ya kwance notuna uku na baya. Abin da muka tarar a ciki ya isa ya tsai da injin niƙa: gidan zanzaro guda biyu, busasshen kyankyaso, da ƙurar hunturu ta shekaru masu yawa wadda ta haɗu da tsohon mai ta zama kamar ƙaro. Wannan ƙaron shi ne ajalin yawancin irin waɗannan agoguna a ƙasarmu. Ƙarfin moton kaɗan ne, wat biyu ko uku yake ci, ko fitilar firji ta fi shi. Zafin bazarar Kano ya busar da man, ƙura ta shiga, sai ƙarfin ya kasa.

Kafin ya taɓa haƙori ko ɗaya sai da ya ɗora mita a bakin wayoyin koyil biyu. Lafiyayyen koyil na wutar 230 yakan nuna dubban om, domin waya ce siririya kamar gashi aka naɗa ta zagaye dubbai. Allurar mitar ko gezau. Gabana ya faɗi, don na san ma'anarsa: wayar ta tsinke a wani wuri. Masu naɗa koyil ɗin fanka da injin ruwa suna da yawa a Kano, amma kaɗan ne za su yarda su zauna da waya mai wannan sirantaka, kuma samunta ma aiki ne. Baba bai ce komai ba. Ya sa gilashinsa, ya ɗauki reza, ya shiga ɗaye tsohon ƙyallen da aka naɗe koyil ɗin da shi, a hankali kamar mai ɓare dafaffen ƙwai. Ya ce sau da yawa ba a tsakiya take tsinkewa ba, a baki ne, inda siririyar ta haɗu da kakkaurar wayar da ke fita waje, domin nan ne ake ja, nan ne kuma tsatsa ke ci. Can kuwa sai ga bakin, kore shar. Ya warware zagaye ɗaya, ya kankare fentin jikin wayar da bayan reza, ya ɗiga dalma. Allura ta tashi. Da a tsakiya ta tsinke, da labarin ya ƙare a nan, ko kuma ya koma neman wani mataccen agogo irinsa a cire masa.

Sauran aikin haƙuri ne. Ya zare tsinkayen uku, ya kwance faya-fayan, yana jera su a murfin kwano bi da bi yadda ya fidda su. Yaronsa yana ɗaukar hoto da waya a kowane mataki, shi kuwa yana yi masa dariya, ko da yake na lura sau ɗaya ya leƙa hoton. Na tagulla ya jiƙa su a fetur ya wanke da tsohon buroshin haƙori. Guda ɗaya ya ware, wanda ke cin moton kai tsaye, domin ba na ƙarfe ba ne. Da wani abu mai kama da matsattsen ƙyalle aka yi shi don rage ƙara, kuma in haƙoransa suka gutsure ba a kanti za ka samo wani ba. Kowane rami da sanda ke juyawa a ciki ya sa tsinken sakace ya murza, ya jefar, ya ɗauki sabo, har sai da tsinke ya fito fari. A wurin sa mai ne na ga bambancin gwani da ɗan koyo. Da bakin allura yake ɗebowa, ɗigo ɗaya a kowane rami, haƙoran tagulla kuma ya bar su a bushe. Mai a kan haƙori gayyatar ƙura ce. Man feshin gwangwani da ake fesa wa kwaɗon ƙofa yakan tada agogo na wata biyu, daga nan ya bar shi ya fi da lalacewa. Man gyaɗa kuwa, wanda ya rantse ya sha gani a cikin agogon mutane, ba ya ko son a ambata.

Na Amurkan nan, ƙirar Warren, dabararsa daban. Warren ya rufe moton da haƙoransa na farko a cikin wani ɗan gwangwani da mai a ciki, ba noti ba murfi. In ya fara gurnani, masu gyara sukan ɗumama gwangwanin a kan ƙwan fitila har iskar ciki ta buɗe, su ɗiga mai a gindin sandar da ta leƙo waje, su bar shi ya huce. Yana hucewa yana zuƙe man zuwa ciki. A maimaita sau da yawa. Wanda ya taɓa ganin yadda wanzami ke kafa ƙaho ya san wannan hikimar.

Gidan agogon kuwa, a nan ne na yi abin kunya tun kafin in kai shi Kurmi. Ganin ya yi dusu-dusu, na samu garin sabulun wanki da soson ƙarfe na dirje gefe ɗaya. Da ya bushe sai wurin ya fito fari-fari, garas-garas kamar bangon da ruwa ya zaizaye. Baba ya shafa wurin, ya dube ni ta saman gilashi.

"Wane ne ya yi masa wannan aika-aikar?"

"Yara ne, Baba."

"Allah ya shirya yaran nan," in ji shi, yana kallon gemuna.

Mu komai roba muke ce masa, amma robobi ba dangi ɗaya ba ne, kuma maganin wata dafin wata ne. Ya murza gindin agogon da babban yatsa har ya yi zafi, ya miƙo mini in sansana. Warin maganin wanke asibiti. Wannan shi ne shaidar Bakelite, robar farko da aka haɗa ɗungurungum daga sinadarai, wadda Leo Baekeland ya ƙirƙiro a Amurka a 1907. Mutumin haifaffen Beljiyam ne, abin da ya ba Baba dariya, don a nan in an ce kaya ɗan Beljiyam ne, na hannu ake nufi. Bokiti da kujerun roba da ake jibgewa a Kasuwar Ƙofar Wambai kamar kitse suke: a narka, a zuba, in sun fashe a niƙa a sake narkawa, abin da masana'antun Sharaɗa da Chalawa ke yi kullum. Bakelite kamar tukunya ce. In an gasa ta sau ɗaya ba ta komawa yumɓu. Shi ya sa ba ta narkewa kusa da zafi, shi ya sa aka yi makunnan wuta da akwatunan rediyo da wayar tarho da ita, kuma shi ya sa ba a liƙe tsagarta da wuƙa mai zafi yadda masu gyaran bokiti ke yi.

Sirrinta da ban sani ba shi ne, ƙyallin nan fata ce siririya a sama kawai. A ƙarƙashinta garin katako ne da aka cuɗa da sinadarin. Rana tana cin fatar sannu a hankali, sabulu mai kaifi yana ci, soson ƙarfe kuwa a minti biyu ya gama abin da rana za ta yi shekara talatin tana yi. In ta tafi ta tafi. Abin da ya rage shi ne a rufa asiri.

Farin na Amurka kuma wata roba ce ta bayan yaƙin duniya na biyu, mara nauyi, wadda fetur ko tina ke narkar da fuskarta nan take ta yi yauƙi. Fetur ɗin da ya wanke haƙoran tagulla bai kamata ya kusance ta ba. Ruwa da ɗan sabulun wanka sun ishe ta.

Akwai tsaga a kusurwar nawa ta ƙasa, tsawon ɗan yatsa, da wani ɗan gutsure da ya ɓace. Maganin da kowa ya sani a gari shi ne sufa gulu da yashi. Yana kamawa kamar dutse, ba musu, amma tabon da yake bari ko makaho ya shafa ya ji. Baba ta ciki ya bi. Ya faɗaɗa tsagar kaɗan da bakin wuƙa, ya wanke ta da sifirit, ya kwaɓa gam ɗin nan mai tiyub biyu, irin mai jinkirin bushewa, ya cika, ya shimfiɗa ɗan ƙyalle a kai ya ƙara shafawa, sannan ya ɗaure gidan da robar tayar keke ya ajiye shi kwana ɗaya. Gurbin gutsuren ne ya burge ni. Ya fito da wani fasasshen tsohon makunnin wuta mai kala ɗaya da agogon, ya goga shi da zarto ya tara garin, ya zuba a gam ɗin har ya yi kauri kamar tuwo, ya cike gurbin ya ɗan tula. Washegari ya rage tudun da samfefa mai laushi, yana tsoma ta a ruwa. Jiƙawar ba don kyau kaɗai ba ce. Wasu kayan Bakelite an cuɗa su da asbestos maimakon garin katako, ƙurarsa kuwa in ta shiga huhu ba ta fita. Daga nan sai Brasso da tsohuwar singileti, zagaye-zagaye, kusan awa guda, ƙyalle yana fitowa ruwan ƙasa. A ƙarshe ya shafa man takalmi mai ruwan ƙasa ya goge. Gidan ya ɗauki ƙyalli irin na sabon sirdi. Inda na dirje ya yi duhu ya saje, amma in ka karkata shi wajen haske za ka gani, kuma duk shekara sai an sake shafa masa mai.

Fuskar bai wanke ta ba, busasshen buroshi mai laushi kawai ya bi ta da shi, domin lambobin ruwa na iya ɗauke su. Ya ja mini kunne a kan masu tsinkaye da ke haske da dare. Na da, har wajen shekarun 1960, da sinadarin radiyam aka yi fentin da yawansu, kuma ko ya daina haske bai daina illa ba. Ba a kankare shi, ba a hure ƙurarsa. Ya sa sabuwar waya mai uku, ya ɗaura ta ƙasa a jikin ƙarfen injin, ya ƙulla wayar ta ciki don kada ja ya sake kaiwa ga koyil, ya nemo fis mafi ƙanƙanta ya sa a fulogi.

Muka jira wuta. Bayan la'asar ta zo. Tsinken sakan ya ɗan yi rawa, ya koma baya kamar taki ɗaya, wani ɗan harshen ƙarfe a ciki ya tokare shi, sai ya miƙe gaba. Irin wannan moton bai san gaba da baya ba, duk inda bugun farko ya tura shi nan zai bi, don haka ake sa masa mai tokarewa. Tafiyarsa ba irin tsalle-tsallen na batir ba ce, sulalewa yake yi kamar ruwa a kwata, ba ƙara sai wani ɗan gunji da sai ka kara kunne. Rabonsa da motsi tun kafin a haife ni.

Na kai shi gida na saita shi da Sashen Hausa na BBC, wanda tun 1957 mutanenmu ke gyara agogo da shi. Da safe na tarar yana nuna ƙarfe uku da rabi, yana tafiya abinsa cikin natsuwa. An ɗauke wuta da dare an dawo da ita, shi kuma ya ci gaba daga inda ya tsaya, bai gaya wa kowa ba. Masu ƙera su sun san da wannan. Telechron yana da wani ɗan rami a fuska da ke komawa ja in wuta ta taɓa yankewa, don ka san kada ka yarda da shi. Laurens Hammond, wanda daga baya ya yi suna da kayan kiɗan da ke ɗauke da sunansa, nasa agogunan ba sa tashi da kansu sam, sai ka murza wani ɗan maɓalli a baya. A ganina nasa ya fi mutunci. Agogon da ya tsaya kowa ya gan shi ya san ya tsaya.

Ko wutar ba ta yanke ba, akwai sauran magana. In bugu ya kauce da kashi ɗaya cikin ɗari, daga 50 zuwa 50.5, agogon zai yi gaba da minti 14 da 'yan sakanni a kwana ɗaya. Daidaita bugun nan aikin cibiyar kula da babban layin ƙasa ne da ke Oshogbo, kuma aiki ne na auna abin da tashoshi ke samarwa da abin da gari ke sha, sakan bayan sakan. Turai ma ta taɓa ɗanɗanawa. A farkon 2018 saɓani tsakanin Sabiya da Kosobo a kan wuta ya sa bugun layin nahiyar ya ragu da ɗan abin da bai kai a faɗa ba, amma cikin 'yan makonni agogunan jikin murhun lantarki da na rediyo, daga Fotugal har Turkiyya, suka yi baya da kusan minti shida. Jaridu suka yi ta surutu. Mu kuwa a watan Oktoban 2024, da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, na Ugwuaji zuwa Apir kuma ya faɗi, Arewa ta yi kwana da kwanaki a duhu. A ƙaramin janareta abin dariya ne: a kunna dutsen guga injin ya nisa, agogo ya rage gudu, a kashe ya zabura.

Na ɗan yi wata guda ina amfani da shi ta wata hanya. In na saita shi a kan sha biyu da safe, washegari abin da ya nuna shi ne adadin awannin da aka yi da wuta, muddin ban manta ko ya zagayo ba. Tun da aka raba masu shan wuta rukuni-rukuni, aka ce 'yan rukunin farko awa 20 ne nasu a rana, ƙirgen nan ya zama abin da ake muhawara a kansa a majalisa bayan isha'i. Wani maƙwabcina har aron sa ya nema. Kirarin agogo sarkin aiki, amma wannan kam akawu ya koma.

Da muka sa sola a gida sai na mai da shi layin inbata. Inbata ita ke ƙirƙirar bugunta 50 da kanta, daga wani ɗan ma'auni da ke cikin allonta, ba ta jiran Kainji. Tun daga ranar bai tsaya ba, kuma gyaran da nake yi masa bai wuce in ɗan matsa tsinken minti ranar Juma'a ba. Na koma Kurmi takanas don in ba Baba labari, na ɗauka zai yaba. Ya saurare ni har na gama, yana goge wani agogon hannu.

"Ita inbatar da me take aiki?"

"Da batir, Baba."

"To ai ka sa masa injin batir ɗin ke nan, Malam. Yaran can na minti goma suka ce maka, kai ka je ka sayo na dubban ɗaruruwa ka ajiye a tsakar gida."

Yaron shagon ya tuntsire da dariya. Baba ya sunkuya ya jawo farin nan na Amurka, ya hure ƙurar kansa, ya tura mini shi a kan tebur.

"Tambayo mini masu solar taku, ko akwai wadda ke buga sittin."